Inshorar lafiya ko manhajar waya: abin da mai fama da ciwon damuwa zai duba kafin ya biya kuɗinsa

A ƙarshen daminar bara na raka ƙanwata wani asibiti, bayan ta shafe kusan wata biyu ba ta samun barci sai an yi kiran assalatu, abinci kuwa sai an matsa mata take kai loma biyu baki. Likita ya saurare ta na kusan rabin awa, ya ce ciwon damuwa ne haɗe da yawan fargaba, ya rubuta takardar tura ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Muka koma tagar masu inshora, ma'aikaciyar wurin ta shigar da bayanan a kwamfuta, ta ce mu jira lambar amincewa daga kamfanin. Ba a yi minti ɗaya ba amsa ta dawo cewa tsarin da mijinta ya biya bai haɗa da wannan ciwo ba. Ma'aikaciyar ta juyo mana da allon kwamfutar ta ce, "Malam, ku yi haƙuri, ba ni ce na hana ba, daga can amsar ta fito." Ƙanwata ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta ce, "Yaya, mu tafi gida kawai." Tun daga ranar na zauna na bi hanyoyin da mutum zai iya zaɓa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na gani shi ne nake son shimfiɗawa a nan.

Kafin a kwatanta tsare-tsaren, wajibi ne a san abin da ciwon kansa yake buƙata, domin da shi ne za a auna kowane tsari. Ciwon damuwa ba ɓacin ran kwana biyu ba ne. Likitoci suna fara zarginsa ne idan baƙin ciki ko mutuwar sha'awar komai ta kai mako biyu ba ta saki mutum ba, tare da rikicewar barci da cin abinci, da kasala, da ganin kai ba shi da amfani. Magungunan da aka fi bayarwa, irin su fluoxetine da sertraline da amitriptyline, ba sa nuna aikinsu sai bayan mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida, kuma ko bayan mutum ya ji sauƙi ana so ya ci gaba da sha na aƙalla wata shida don kada ciwon ya dawo. Baya ga magani akwai zaman tattaunawa da ƙwararre, wanda ke koya wa mutum gane tunanin da ke jefa shi cikin ƙunci da yadda zai sauya shi, kuma wannan zama ba a gama shi a rana ɗaya. Ke nan abin da mai saye yake nema shi ne tsarin da zai riƙe shi na watanni masu yawa, ya haɗa shi da likita na gaske, ya kuma ba shi magani ba tare da yankewa ba. Tsarin da ya biya ganin likita sau ɗaya sannan ya janye hannu bai magance komai ba, ko da kuwa kuɗinsa kaɗan ne, domin araha ba ta ado.

Hanya ta farko ita ce inshorar gwamnati. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda aka sanya wa hannu a 2022, ta wajabta inshorar lafiya a kan duk mazaunin Najeriya, kuma jihohi suna da nasu hukumomin, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana shiga tare da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, yayin da ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu zai iya shiga ta tsarin GIFSHIP da kuɗinsa. Ƙarfin wannan hanya shi ne sauƙin kuɗi a kan dogon lokaci, wanda shi ne ainihin abin da mai shan magani na watanni yake buƙata. Rauninta kuwa duk wanda ya taɓa bin layin asibitin gwamnati ya san shi: sai ka fara da asibitin da ka yi rajista, shi zai tura ka gaba, sai an jira lambar amincewa, kuma idan ka isa kantin maganin asibitin ana iya ce maka babu, ka je waje ka saya. Ga mai ciwon damuwa, wanda tashi daga shimfiɗa ma aiki ne a wurinsa, kowane ƙarin layi dalili ne na ya fasa zuwa. Saboda haka wannan hanya ta fi dacewa da wanda yake da ɗan'uwa ko aboki mai juriya da zai riƙa yi masa zirga-zirgar takardu.

Hanya ta biyu ita ce kamfanoni masu zaman kansu da ake kira HMO, irin su Hygeia da Avon da AXA Mansard da Reliance, kuma a wannan ɓangare ne ƙirƙirarriyar basira, wato fasahar kwamfuta mai kwaikwayon tunanin ɗan'adam, ta fi shiga. Kamfanonin inshora a duniya suna amfani da ita wajen tantance takardun neman biya, da gano asibitocin da ke ƙara kuɗi ko rubuta aikin da ba su yi ba, da amsa tambayoyin abokan hulɗa dare da rana. A Najeriya ma akwai kamfanin Curacel, wanda ke sayar wa masu inshora irin wannan fasaha ta tantance takardu. Amfanin a bayyane yake. A Amurka, kamfanin Lemonade ya yi suna ne a 2016 lokacin da manhajarsa ta biya diyyar wata rigar sanyi da aka sace cikin daƙiƙa uku. Lambar amincewar da a da ake kwana ana jira, yanzu tana iya fitowa kafin mutum ya bar taga.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba, domin na'urar da ke amincewa cikin daƙiƙa ita ce kuma ke hanawa cikin daƙiƙa. A 2023 kafar bincike ta ProPublica ta ba da rahoton cewa likitocin kamfanin Cigna a Amurka, ta hanyar wani tsarin kwamfuta, sun ƙi biyan buƙatu sama da 300,000 cikin wata biyu, inda kowace buƙata ba ta samu fiye da daƙiƙa ɗaya da ɗigo biyu ba a matsakaici, duk da cewa kamfanin ya musanta yadda aka bayyana tsarin nasa. A shekarar ce kuma iyalan wasu tsofaffi suka kai kamfanin UnitedHealth kotu, suna zargin cewa wata manhaja mai suna nH Predict ce ke yanke kwanakin jinyar da za a biya wa marasa lafiya, saɓanin ra'ayin likitocinsu. Irin waɗannan koke-koke ne suka sa jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta fara aiki a farkon 2025, wadda ta ce ba za a hana mutum magani bisa dalilin rashin buƙatarsa ba sai likita ne ya yanke hukuncin, ita ma Tarayyar Turai ta sanya manhajojin da ke ƙayyade farashin inshorar rai da ta lafiya cikin rukunin masu haɗari sosai. Ciwon damuwa ya fi sauran cututtuka shiga wannan tarko, saboda ba shi da gwajin jini ko hoton ƙashi da na'ura za ta karanta ta gamsu. Hujjarsa tana cikin abin da likita ya ji da kunnensa, ya kuma gani a fuskar mara lafiya.

Don haka duk wanda zai sayi tsarin HMO, kada ya tsaya a kan tallar da ke cewa "mun haɗa da lafiyar ƙwaƙwalwa". Ya nemi takardar tsarin gaba ɗaya, ya duba sau nawa aka yarda ya ga likitan ƙwaƙwalwa a shekara, ko zaman tattaunawa yana ciki, ko maganin da za a sha na watanni yana cikin jerin magungunan ciwo mai daɗewa, da kuma iyakar kuɗin da kamfanin zai biya. Ya duba lokacin jira, domin tsare-tsaren ɗaiɗaikun mutane sukan jinkirta biyan ciwon da mutum ya zo da shi na wasu watanni, wasu kuma su cire shi ɗungurungum. Ya tambayi sunan asibiti mafi kusa da shi mai likitan ƙwaƙwalwa wanda ke karɓar katin kamfanin, sannan ya kira asibitin da kansa ya tabbatar, saboda tsarin da duk likitocinsa suke Legas da Abuja ba zai amfani mazaunin Gusau ko Azare ba sai ta waya. Tambayar da na fi ba muhimmanci kuwa ita ce: idan na'ura ta ƙi amincewa, wane mutum ne zai sake duba buƙatar, likita ne ko magatakarda, kuma cikin awa nawa? A nemi amsar a rubuce. Kamfanin da ya yi ta kewaye-kewaye a kan wannan tambaya ya riga ya ba da amsarsa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, irin su Noor da Jaiz, kuma waɗannan tambayoyin duka suna hawa kansu su ma.

Hanya ta uku ita ce wadda matasa suka fi rungumar ta a yanzu, wato manhajojin waya da ake hira da su, ko waɗanda aka gina musamman don lafiyar ƙwaƙwalwa kamar Wysa, ko na gama-gari kamar ChatGPT. Ban ga laifin wanda ya koma gare su ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma a cikinmu har yanzu mutum yana tsoron a gan shi a ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Dawanau ko Kware a ce ya haukace. Manhaja ba ta barci, ba ta tsegumi a unguwa, kuma tana iya koya wa mutum dabarun numfashi lokacin da ƙirjinsa ke bugawa da tsakar dare, ta taimaka masa ya rubuta yadda yake ji kullum don ya nuna wa likita. Wani gwaji da jami'ar Dartmouth ta wallafa a 2025 a kan manhajarta Therabot ya nuna raguwar alamomin damuwa da fargaba ga waɗanda suka yi amfani da ita, sai dai ƙwararru suna sa ido a kan hirarrakin a tsawon gwajin, abin da babu shi a manhajar da ke wayar yawancin mutane.

Iyakarta kuma a fili take. Manhaja ba ta rubuta magani, ba ta iya gane cewa kasalar mutum daga ƙarancin jini ne ko ciwon maƙoƙo, kuma tana iya kuskure mai cutarwa, kamar yadda ya faru a 2023 lokacin da wata ƙungiyar masu fama da matsalar cin abinci a Amurka ta janye manhajarta Tessa bayan ta riƙa ba marasa lafiya shawarar rage ƙiba. Tana kuma iya ɓacewa, domin Woebot, wadda tana cikin fitattu, ta rufe manhajarta a tsakiyar 2025. Hausar yawancinsu ma ba ta nuna ba, kuma wanda ya ce "zuciyata ta yi baƙi" ko "kaina yana min nauyi" yana buƙatar mai sauraron da ya san nauyin waɗannan kalmomi. Duk wanda tunanin kashe kansa ya fara zo masa, to ya ajiye waya ya gaya wa wani na kusa da shi a take, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa ko a kira 112, wannan ba wurin gwada manhaja ba ne.

Akwai kuma batun sirri, wanda ya haɗa manhaja da inshora wuri ɗaya. A 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp ya biya dala miliyan 7.8 bisa zargin miƙa bayanan masu neman taimako ga kamfanonin talla irin su Facebook. Idan kamfanin inshora ya ba ka manhajar hira kyauta a cikin tsarinsa, ka tambaya ko abin da ka rubuta a ciki yana isa ga masu ƙayyade farashi, idan kuma inshorar ta wurin aiki ce, ka tambaya abin da ake nuna wa ma'aikatarku. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a farkon shekarar ita ma ta tanadi haƙƙin sirrin mara lafiya, don haka tambayar haƙƙinka ce, ba roƙo ba.

Hanyar da ta rage ita ce biya daga aljihu, kuma bai kamata a raina ta ba. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, suna ganin marasa lafiya a farashin gwamnati, kuma tsofaffin magunguna irin amitriptyline ba su da tsada, ko da yake yakan sa jin barci da bushewar baki, kuma wajibi ne a ɓoye shi daga yara domin yawansa yana kisa. Haɗarin wannan hanya shi ne ranar da aljihu ya bushe mutum ya daina shan magani rana tsaka, ko ya koma kemis a ba shi diazepam ko tramadol don ya samu barci, ya fita daga wani ciwo ya faɗa wani.

Mu dai abin da muka yi wa ƙanwata shi ne muka fara da aljihunmu a asibitin gwamnati don kada a ɓata lokaci, aka ɗora ta a kan magani, mahaifiyarmu kuma ta ci gaba da yi mata addu'a da tofi kamar yadda ta saba, likitan ma bai hana ba. Da lokacin sabunta inshorar ya zo, mijinta ya ɗauki takardun tsare-tsare uku ya zauna da su, ya zaɓi wanda ya fi na da tsada kaɗan amma ya rubuta maganin wata-wata a fili, ya kuma ba da lambar likitan da ke sake duba buƙatar da aka ƙi. Ita kuma ƙanwata tana da wata manhajar waya da take amfani da ita wajen rubuta awannin barcinta, kuma duk ranar da za ta koma asibiti takan buɗe shafin ta miƙa wa likita kafin ta zauna.