Albashin 'yan wasa: inda MLB ta bambanta da NFL

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa a gasar besbol ta MLB ƙungiyar Dodgers ke kashe ninkin-ba-ninkin abin da Athletics ke biyan 'yan wasanta, alhali ba a ganin irin wannan rata a NFL, gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka.

A NFL akwai iyakar jimillar albashi da ba a ƙetarewa: dala miliyan 255.4 ga kowace ƙungiya a 2024, kuma duk kwantiragin da zai haura ta ba a amincewa da shi. Mai rowa ma bai tsira ba, domin dole ya kashe kusan kashi 90 cikin ɗari na iyakar idan an haɗa lissafin 'yan shekaru.

MLB kuwa ba ta da iyakar sama ko ta ƙasa, haraji kawai ta sa wa ƙungiyar da albashinta ya haura wani layi. Layin 2024 dala miliyan 237 ne. Wanda ya haura zai biya kashi 20 cikin ɗari na rarar, shekara ta biyu a jere kashi 30, ta uku kashi 50. Wato rarar miliyan 15 harajinta miliyan 3 ne a karon farko, miliyan 7.5 a na uku. Akwai ƙari idan rarar ta wuce miliyan 20, da 40, da 60. Amma ƙungiya ta sauko ƙasa da layin shekara guda, lissafi ya koma farko, kuma manya sun san wannan ƙofar sarai.

Sannan ba kuɗin da aka miƙa ake ƙirgawa ba, matsakaicin darajar kwantiragi ne. Shohei Ohtani, ɗan wasan Dodgers, ya sa hannu kan dala miliyan 700 na shekara 10, aka jinkirta biyan miliyan 680. Miliyan 2 yake karɓa a shekara, a takardar haraji kuma ana rubuta kusan 46 maimakon 70, domin kuɗin da aka jinkirta ana ƙirga shi ƙasa da adadinsa.

A ganina tushen ratar kuɗin talabijin ne. NFL na raba babban kason daidai tsakanin ƙungiyoyi 32. A MLB kowace ƙungiya na cinikin talabijin na garinta, kuma Dodgers ta ƙulla na sama da dala biliyan 8 a 2013. Ana yankar wani abu daga kuɗin shigar manyan ƙungiyoyi a ba ƙanana, sai dai ba a gindaya musu adadin albashin da za su biya ba.

'Yan wasan MLB sun ƙi iyakar albashi tun yajin aikin 1994, wanda ya sa aka soke World Series, wato wasannin ƙarshe na gasar. Yarjejeniyar 2022 tsakanin 'yan wasa da masu ƙungiyoyi wa'adinta 1 ga Disamba 2026.