Wuƙar farautar da na sa aka ƙera mini: ƙarfe ya yi, kube ne bai yi ba

Duk mai son a ƙera masa wuƙar farauta tasa ta kansa, akwai wani dattijon maƙeri a wani ƙauye kan hanyar Wudil da zan iya tura shi wurinsa ba tare da fargabar jin kunya ba. Amma da sharaɗi biyu: ya tafi da fasalin wuƙar da yake so a hannu, kuma kada ya yarda a haɗa masa da kube.

Ni dai tara tsofaffin wuƙaƙe nake yi, kuma muna da 'yar majalisa ta masu irin wannan ciwo. Mukan haɗu bayan la'asar, kowa ya zaro abin da ya samo, a juya, a gwada kaifi a kan farce, wani lokaci a yi musaya da ciko. Abin da ya fi yawa a hannunmu na waje ne. Akwai Okapi, wadda aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwar Afirka, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, shi ya sa wadda aka buga wa sunan Jamus ta fi daraja a wurinmu. Akwai Buck 110 ta Amurka mai naɗewa, wadda ta shigo kasuwa a 1964, mai tagulla a kai da gindi. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a ƙasar da kowane gari yake da unguwar maƙera, ba ni da wuƙar gida ko ɗaya da zan ajiye kusa da waɗannan. Yawancin na kasuwa da siririn ƙarfe ake yin su, ka yanka albasa lafiya, ka taɓa ƙashi su lanƙwashe.

Wani mafarauci ne ya nuna mini hanyar dattijon. Na tafi da kwali da na yanke daidai siffar da nake so: ruwan wuƙa mai tsawon inci 4, faffaɗan ciki, bayan kuma ya gangaro a hankali zuwa tsini. Wannan fasali wani maƙerin Amurka, Bob Loveless, ya yi suna da shi, kuma amfaninsa a fili yake ga duk wanda ya taɓa fiɗa, domin tsinin ba ya ɗaga kai ya huda tumbi lokacin da ake tsaga ciki. Na kuma ce ina so ƙarfen ya ratsa ƙotar tun daga sama har ƙasa, a dafe shi da katako biyu da ƙusa, maimakon siririyar wutsiyar nan da ake ƙonawa a cusa cikin ice.

Ya juya kwalin, ya sake juyawa, sannan ya dube ni.

“Malam, wannan ta yanka ce ko ta ado?”

“Ta aiki ce, Baba.”

“To ta aiki ba ta son wannan kaurin. Ka bar ni in rage mata baya, in ba haka ba hannunka zai gaji kafin ka gama rago ɗaya.”

Na bar shi, kuma gaskiyarsa ce.

Ƙarfen da ya zaɓa sifirin ɗin tsohuwar mota ne. Ba kowane ya ɗauka ba. Sai da ya rataye guntaye da igiya yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne. Wanda ya yi ƙara mai tsawo ya ajiye, wanda muryarsa ta dushe ya jefar gefe, ya ce yana da tsaga a ciki. Wannan ba camfi ba ne. Sifirin ɗin da ya sha kaya shekara da shekaru yakan yi 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani, sai an gama wahala, a wurin tsoma shi a mai don ba shi ƙarfi, ya buɗe. Kuma kada wani ya raina ƙarfen bola: Hoyt Buck, wanda sunansa ke kan waccan wuƙa da muke rububi, yaron maƙeri ne a Kansas a 1902, kuma da tsofaffin magagarai ya riƙa ƙera wuƙaƙensa na farko.

Wurin da aikin dattijon ya bambanta da na saura shi ne ba wa ƙarfe ƙarfi, kuma a nan na fi daɗewa ina kallo. Ba ya yin sa da rana tsaka. Sai da inuwa ta cika rumfar ya sa jikansa ya kama zugazugi, gawayin kirya ya rure, ya riƙe ruwan wuƙar da awartaki yana kai shi yana dawo da shi cikin wuta don zafin ya game ko'ina. Wasu masu yin wannan aiki sukan gwada da maganaɗisu, domin ƙarfe yana daina kama shi idan zafi ya kai wajen digiri 770 a ma'aunin Celsius, daga nan sai a ƙara kaɗan. Shi ba shi da maganaɗisu, launi kawai yake kallo. Da jan ya kai inda yake so sai ya tsoma bakin kaifin kaɗai cikin baƙin mai a wani tsohon gwangwani, wuta ta kama saman man, ya ɗan jira, sannan ya nutsar da sauran. Hikimar ita ce baki ya yi tauri, baya kuma ya rage da ɗan laushi yadda wuƙar ba za ta karye ba idan an danna ta. Ya ciro, ya goge, ya ɗauko magagari ya ja a kan bakin: ya zame, ƙiii, bai kama komai ba. Ya ja a baya, ya ci. Daga nan ya ɗora bayan wuƙar a kan wani jan ƙarfe yana lura da launin da ke tafiya zuwa baki, da ya zama ruwan busasshen kara sai ya ɗauke. Wannan mataki na ƙarshe shi ne yawancin masu ƙirar sauri suke tsallakewa, shi ya sa wuƙarsu ko dai ta dakushe nan da nan ko bakinta ya riƙa ɓantarewa.

Na gwada ta a layyar da ta wuce. Mahaucin da yake mana fiɗa, wanda ba ya yarda da wuƙar kowa sai tasa, ya karɓe ta yana taɓe baki, ya feɗe rago ya shiga na biyu bai nemi dutse ba. Faɗin cikin nan yana bin fata yana raba ta da nama ba tare da ya yi mata taga ba, abin da masu sayen fata suka fi dubawa. A gaɓa ma ta shiga lafiya. Da aka gama na duba bakin a hasken rana, babu inda ya ɓalle, babu inda ya kwanta. 'Yan shafa kaɗan a dutse ta koma aske gashin hannu. A wannan fanni ba na jin kunyar ajiye ta kusa da kowace wuƙa da nake da ita.

Ƙotar kuwa rabi da rabi. Icen kirya ne, mai nauyi, mai duhu, ba ya jin ruwa, kuma ya zauna a tafin hannu. Amma gamawar ba ta kai ƙirar ba. Ƙusoshin tagulla uku ba su hau layi ɗaya ba, na tsakiya ya kauce. Akwai ɗan gibi tsakanin katako da ƙarfe ta gefe guda, inda jini da kitse suke maƙalewa, sai da na cike shi da gam mai ƙarfi na bi da takardar goge katako. Da na nuna masa, dariya ya yi ya ce wuƙa ba amarya ba ce. Na fahimce shi, masu zuwa wurinsa manoma ne da mafarauta, babu ruwansu da layin ƙusa. Amma mai tara wuƙaƙe wurin nan idonsa yake fara sauka.

Kuben ne ya ɓata mini rai. Ba shi ya ɗinka ba, wani baduku yake ba wa, kuma an yi shi da jar fatar akuya mai laushi, da zane mai kyau a fuska, irin wanda ke tsayar da mai wucewa. Fatar akuya ta dace da jaka da matashi. Wuƙa mai kaifi irin wannan tana son fatar sa mai kauri, da wani zirin fata a tsakanin ɗinkin don bakin ya kwanta a kansa. Wannan babu zirin. Ba a jima ba kaifin ya cinye zaren, tsinin ya leƙo ta ƙasa, saura ƙiris ya same ni a cinya. Ga shi bakin kuben ya yi faɗi, in ka sunkuya wuƙar sai ta zame. Na kai ta wurin wani mai ɗinkin sirdi ya yi mata sabo, kuɗinsa ya kusa kamo na wuƙar.

Sai batun tsatsa, wanda ba laifin kowa ba ne. Ƙarfen da ba ya tsatsa sai sinadarin kuromiyam ɗinsa ya haura kashi 10 cikin ɗari, na sifirin kuwa ko kashi 1 ba ya kaiwa. Ka bar ta da jini dare ɗaya, da safe za ka tarar da ja. A wanke, a tsane, a shafa man kaɗe ko na gyaɗa, kuma kada a ajiye ta cikin kube da damina, domin fata tana riƙe danshi. Tawa ta fara yin duhu-duhu mai shuɗi daga wajen baki, ni kuma haka na fi son ta.

Kuɗin da ya yanka mini, har da kafin alƙalami, bai kai rubu'in abin da za ka biya a sabuwar Buck ba, kuma ban nemi ragi ba don na ga abin da ya shiga ciki. Alkawari ne dai ba ya cikawa a kan lokaci. Idan damina ta kawo kai, garma da fartanya suna gaban wuƙarka, ka sani tun wuri, ka kai aikinka da rani.

Abin da muka fi yin gardama a kansa a majalisa shi ne rashin alama. Buck tun 1986 take buga wata 'yar alama kusa da lambar wuƙar da ke nuna shekarar da aka yi ta, shi ya sa mai tarawa yake iya cewa wannan ta girmi waccan. Wuƙar dattijon babu suna, babu gari, babu shekara. Ran da ta bar hannuna ta zama “wata wuƙar gargajiya” kawai. Na roƙe shi ya buga mini ko da ɗigo uku ne da kurfi a gindin ruwan, ya ce shi ai yana gane aikinsa ko a duhu. Jikan ne ya karɓi maganar, ya ce in kawo ƙarfen hatimi zai riƙa bugawa. Na ba da a sassaƙa shi, kuma mutum biyu daga majalisarmu sun riga sun yanke kwalinsu, ɗaya yana son barho, ɗaya ƙaramar wuƙar fiɗar zomo da zabo.

Wanda zai je ɗauko tasa ya naɗe ta a tsumma ya sa a ƙasan jaka, kada ya soke ta a ƙugu. Hanyar akwai shingayen jami'an tsaro, kuma a wannan zamani na faɗan daba ba kowa ne zai tsaya sauraren bayanin cewa tarawa kake yi ba.