JustGiving da gudun fanfalaki na Landan: ina kuɗin da aka tara ke tafiya?

Duk wanda ya ƙuduri yin gudun fanfalaki na Landan saboda mahaifinsa mai fama da cutar Parkinson, ko mahaifiyarsa da cutar mantuwa ta kama, ba zai daɗe ba za a ce masa ya buɗe shafi a JustGiving. Manhaja ce ta tara gudummawa ta intanet, Zarine Kharas da Anne-Marie Huby suka kafa ta a Ingila, kamfanin Blackbaud na Amurka kuma ya saye ta a 2017. A nan ne dattijon nan Kyaftin Tom Moore, tsohon sojan Birtaniya, ya tara sama da fam miliyan 32 a 2020. Wannan sunan da ta yi shi ne babban jarinta, domin mutumin da zai yi ɗari-ɗari da tura kuɗi asusun wani da bai sani ba yakan saki jiki in ya ga JustGiving.

Hukuncinmu a kanta a taƙaice shi ne tana aikinta da kyau, matuƙar mutum ya san wane aiki ne nata. Inda ake yawan yin tuntuɓe ke nan. Shafi iri biyu take buɗewa, kuma a ido kamarsu ɗaya. Na farko na tara wa ƙungiyar agaji mai rajista ne, irin su Parkinson's UK ko Alzheimer's Society ko MND Association. Duk abin da aka zuba a wannan shafi kai tsaye yake wucewa asusun ƙungiyar, mai gudu ba ya taɓa ko sisi. Hoton mahaifinka na iya kasancewa a saman shafin, labarinsa ne ya sa mutane suka bayar, amma kuɗin ba zai saya masa keken guragu ba, ba zai biya mai jinya ba. Bincike za a yi da shi, da ɗaukar nauyin layin wayar ba da shawara, da ma'aikatan da ke taimaka wa dubban iyalai. Alheri ne babba, sai dai ba na gidanku kaɗai ba ne. Na biyu shi ne shafin tara wa mutum kansa, wanda kuɗinsa ke shiga asusun bankin wanda ya buɗe, kuma yana buƙatar asusu na Birtaniya. Wannan shi ne na keken guragu da gyaran banɗaki da kuɗin mai jinya. Amma ba ya ba ka gurbi a tseren, kuma gwamnati ba ta ɗora masa ƙarin da take ɗorawa a kan gudummawar ƙungiyoyi.

A tantance wannan tun kafin a tura wa kowa adireshin shafin. Babu abin da ke ɓata zumunci kamar kawu ya ba da fam 200 yana ganin maganin ɗan'uwansa ya saya, daga baya ya ji kuɗin na wani ofishi a Landan. A rubuta a layin farko na labarin, ƙarara, inda kuɗin za su. In ana buƙatar duka biyun, a buɗe shafi biyu, kowanne da bayaninsa.

Me ya sa sai ta hannun ƙungiya? Saboda samun gurbi a tseren Landan ta hanyar ƙuri'a ya zama kamar neman allura cikin ruwa. Masu neman shiga tseren 2026 sun haura miliyan 1.1, alhali waɗanda suka kammala na 2025 dubu 56 ne da ɗoriya. Ƙungiyoyin agaji kuwa suna da guraben da suka saya daga masu shirya tseren, suna ba wa wanda ya yi alkawarin tara musu wani adadi, yawanci tsakanin fam 2,000 zuwa 3,000, bayan kuɗin rajista da zai biya daga aljihunsa. Tun da Chris Brasher da John Disley suka fara tseren a 1981, abin da aka tara wa ƙungiyoyi ta wannan hanya da makamantanta ya wuce fam biliyan 1. Wani abin lura: JustGiving ba ita ce abokiyar hulɗar tseren a hukumance ba. Bayan rufe manhajar Virgin Money Giving a 2021, wata manhajar mai suna Enthuse ce ta karɓi wannan matsayi, kuma za a yi maka tayin buɗe shafinta lokacin rajista. A tambayi ƙungiyar wanne ta fi so, a tsaya a kan guda. Raba gudummawar ƙungiya ɗaya a shafi biyu yana sa kowannensu ya yi kama da wanda aka yi watsi da shi.

Buɗe shafin kansa ba ya cin minti 15. Za ka zaɓi ƙungiya, ka zaɓi tseren daga jerin da ke ciki, ka sa adadin da kake hari, hoto, da labari. Kada a tsallake zaɓen tseren, domin da shi ne ƙungiyar ke gane cewa kuɗin nan na cika alkawarinka ne. Akwai lambar QR da za a iya bugawa a takarda a manna a wurin aiki ko shago, akwai wurin rubuta kuɗin da aka karɓa a hannu don jimillar ta nuna gaskiya, ana kuma iya haɗa shafin da Strava, manhajar da ke auna gudu, ta yadda kowane atisaye zai bayyana da nisansa. Wannan haɗin na Strava yana da amfani fiye da yadda ake zato. Mutum ya ga kilomita 26 da aka yi da asubar Lahadi cikin sanyin Fabrairu, ya san ba wasa ake ba. Sai dai a ɓoye farko da ƙarshen taswirar a saitin Strava, in ba haka ba an nuna wa duniya ƙofar gidan da mara lafiya yake.

Sai batun caji. A 2019 JustGiving ta cire kashi 5 cikin ɗari da take yanka daga gudummawar ƙungiyoyin Birtaniya. Abin da ya rage a kan gudummawa shi ne kuɗin sarrafa kati, kashi 1.9 cikin ɗari da 'yan kwabbai a kan kowace gudummawa, sai kashi 5 cikin ɗari na ƙarin harajin da ta karɓo wa ƙungiya. Wannan ƙari, wanda ake kira Gift Aid, shi ne mafi daɗin tsarin: wanda ke biyan haraji a Birtaniya in ya ba da fam 20, gwamnati za ta ɗora fam 5. Bayan an cire caji, ƙungiyar na tashi da fam 24 da ɗan abin da ya hau. Wannan lissafi ba abin ƙorafi ba ne.

Abin ƙorafin yana wajen biya. A madadin cajin da aka cire, manhajar na neman mai bayarwa ya ƙara mata tukuici, kuma ba a sifili take barin ma'aunin ba, a kan wani kaso take ajiye shi. Ana iya mayar da shi sifili, amma sai an kula an nemi wurin. Dattijon da bai saba da irin wannan ba zai danna ya wuce, ya ga an cire masa fiye da abin da ya yi niyya, ya kuma zaci ƙarin ya tafi ga masu cutar, alhali na kamfanin ne. Kamfani na da haƙƙin neman abin da zai riƙe kansa, amma tsarin da ya dogara da rashin lurar mai bayarwa bai dace da wurin sadaka ba. Maganinsa layi ɗaya ne a saƙon da kake turawa: tukuicin da za a nuna muku na manhajar ne, ba dole ba ne.

Gift Aid ma yana da tarkonsa guda uku. Yawancin ƙungiyoyi ba sa lissafa shi cikin adadin da ka yi alkawari, don haka in shafi ya nuna fam 2,000 da ƙarin 400, fam 2,000 ka tara. Na biyu, na mai biyan haraji a Birtaniya ne kawai, kuma a kan kuɗinsa na kansa. 'Yan'uwa da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi kada su danna wannan akwati. Na uku, in dangi sun haɗa kuɗi sun ba mutum ɗaya ya zuba da katinsa, ko an sayar da abinci an tara ciniki, ba a neman ƙarin haraji a kai. Wannan na uku yana faruwa sosai ga iyalan da ke da dangi a gida, domin katin naira yakan ƙi wucewa a shafukan waje ko ya ci karo da iyakar da banki ya sa. Hanya mafi tsabta ita ce a tara a hannun mutum ɗaya amintacce, ya zuba a dunƙule ba tare da Gift Aid ba, ya rubuta sunayen masu bayarwa a saƙon in sun yarda. Wanda kuma yake tunanin fitar da zakkarsa ta nan, ya fara tambayar malami, domin kuɗin bincike ba lallai ya shiga cikin waɗanda aka ambata a ba su zakka ba. Sadaka kam ƙofarta a buɗe take.

Manhajar ba za ta nemo maka masu bayarwa ba. Fam 2,500 mutum 100 ne kowanne fam 25, kuma ba a samun su da saƙo ɗaya a zauren WhatsApp. Abin da ke aiki shi ne a fara da makusanta masu hali kafin a sanar da kowa, saboda masu zuwa daga baya suna duba abin da na gabansu suka bayar su kwatanta. A tura saƙo ga mutum da sunansa. A nemi jin ko wurin aiki na da tsarin ninka abin da ma'aikaci ya tara, manyan kamfanonin Birtaniya da dama suna da shi. Sannan a daidaita neman da kalandar atisaye: ƙungiyoyi da dama na son ganin wani kaso na kuɗin kafin ranar tsere, kuma wanda ya bar tarawa sai Maris zai haɗa ta da makonnin da jikinsa ya fi gajiya.

Tseren kilomita 42.195 ne, ana yinsa a ƙarshen Afrilu, daga Blackheath da Greenwich, a bi ta gadar Tower Bridge dab da rabin hanya, a ƙare a The Mall. Shirin mako 16 yana farawa ne a farkon Janairu, kuma yana ɗauka cewa mutum ya riga ya iya gudun kilomita 10 ba tsayawa. Gudu uku ko huɗu a mako, ɗaya daga ciki dogo, ana ƙara masa kilomita 2 zuwa 3, a sassauta kowane mako na huɗu. Mafi tsawo yakan kai kilomita 30 zuwa 32, mako uku kafin tsere, daga nan a riƙa ragewa. Abin da ke karya mutane a wajen kilomita 30 zuwa 35 ƙarewar sukarin da tsoka ta adana ne, shi ya sa ake shan giram 30 zuwa 60 na sinadarin kuzari a kowace awa, wato 'yar leda ɗaya ta jel duk minti 30 zuwa 40, kuma a gwada wannan a atisaye domin ciki ba ya karɓar kowane iri. Takalmi yana mutuwa tsakanin kilomita 500 zuwa 800. Ciwon ƙwauri ko gefen gwiwa sau da yawa daga gaggawar ƙara nisa yake zuwa.

A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin wannan shiri. A 2025 ya cinye watan Maris gaba ɗaya, daidai lokacin dogayen gudu, tseren kuma ranar 27 ga Afrilu. Ba a yin kilomita 28 da ƙishirwar azumi. Gajeren gudu mai sauƙi na minti 30 zuwa 40 ana iya yinsa dab da shan ruwa, dogon kuwa sai bayan an yi buɗa-baki mara nauyi an huta, ko bayan asham, da ruwa a hannu da riga mai ƙyalli saboda motoci. A wani ɓangaren kuma watan ne da hannun mutane ya fi sakuwa, don haka saƙon da aka tura a goman ƙarshe yakan fi na kowane lokaci albarka.

Mai gudun da shi ne kuma mai jinya yana da ƙarin lissafi. Dogon gudu da wanka da hutu yana cin awa huɗu ko biyar. Maganin levodopa na masu Parkinson yana son a sha shi a kan lokacinsa, jinkiri kaɗan na iya sa jiki ya sandare ko karkarwa ta dawo. Mai cutar mantuwa kuma ba a barinsa shi kaɗai tsawon haka. A tsara wanda zai zauna da shi kowace Lahadi tun daga Janairu, a rubuta masa lokutan magani a takarda.

Wannan ya kawo mu ga labarin da ake sawa a shafin. Shafin JustGiving a buɗe yake, duk mai bincike a Google zai iya ganinsa, kuma yakan daɗe bayan tsere. Gaskiya ne labari mai ratsa zuciya ya fi kawo kuɗi, amma mutuncin uba ya fi fam 2,500. A nemi izininsa tun yana iya bayarwa. In mantuwa ta yi nisa, a yi shawara da sauran 'ya'ya, a zaɓi hotonsa na lokacin da yake da ƙarfinsa, a faɗi sunan cutar da abin da ta canja a gidan ba tare da an tona abin da shi da kansa zai so a rufa masa ba.

In rauni ya hana gudu, abin da aka zuba ya riga ya zama na ƙungiyar, ba a mayarwa. Ɗage gurbi zuwa baɗi kuma yana hannunta, ba a hannun JustGiving ba, don haka a karanta wannan sharaɗi, da na abin da zai biyo baya in ba a cika adadin ba, kafin a sa hannu a takardar alkawari. Wanda ya kammala kuwa kada ya yi saurin rufe shafin. Ya sa hoton lambar yabo a daren ranar, ya sake tura adireshin washegari Litinin, ya bar shi a buɗe aƙalla wata guda, domin akwai masu jiran su ga an kai ƙarshe kafin su bayar.