Bututun ruwan sanyi a bango ko esi? Amsa ga mai gyaran tsohon gida

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambayi wanne ya fi dacewa ka sa don sanyaya tsohon gidan da kake gyarawa. Tsakanin bututun ruwan sanyi da ake binnewa a bango da esin da kowa ya sani, ni na bangon nake da shi a falo da ɗakin kwana, kuma shi zan ce ka sa tunda dama za ka kankare tsohuwar filasta. Amma da sharaɗi.

Aikin ba wani abin mamaki ba ne. Ana shimfiɗa siraran bututun roba a jikin bango, a rufe su da filasta mai kaurin santimita 2 zuwa 3, injin sanyaya ruwa yana tura musu ruwa mai digiri 16 zuwa 18. Bangon ya yi sanyi, shi kuma ya riƙa zuƙe zafin jikinka da na kayan ɗaki. Babu iska mai busowa, babu ƙara. Mahaifiyata ba ta jure esi ko kaɗan, da an kunna sai mura da ciwon gaɓoɓi, ta tashi ta bar ɗakin. Yanzu da rana tsaka za ka same ta ta jawo kujerarta kusa da bangon falo tana jan carbi, har barci ya ɗauke ta a wurin. Wannan kaɗai ya biya ni. Ga shi kuma injin ba ya wahala wajen sanyaya ruwa zuwa digiri 17 kamar yadda zai wahala in an ce ya kai shi 7, shi ya sa wutar da yake ci ba ta kai ta esi ba. In sanyi ya shigo, bututun nan dai ake tura wa ruwa mai ɗumi.

Esi kuwa, to, tana da sauƙin sakawa, tana sanyaya ɗaki nan take, tana kuma tsotse danshi. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan.

Sharaɗin shi ne danshi. Bango mai sanyi ba ya cire laima daga iska. Ka ga yadda kofin ruwan ƙanƙara yake zufa? Haka bangon zai yi in ya fi iskar ɗakin sanyi da yawa, daga nan sai fenti ya kumbura, hunhuna ta fito. A ɗaki mai digiri 26 da danshi kashi 50 cikin 100, raɓa tana sauka ne a wajen digiri 15, ka ga kana da sarari tunda ruwan bututun bai kai wannan sanyin ba. Danshin ya kai kashi 65, tana sauka a wajen 19, sararin ya ƙare. Dole a sa na'urar da za ta rage sanyin ruwan da kanta in laima ta yi yawa.

Ƙarfinsa ma yana da iyaka. Murabba'in mita ɗaya na bango yana ɗauke zafi na wat 50 ko sama da haka kaɗan, alhali ƙaramar esi tana ɗauke wajen 2,500. Saboda haka sai ka fara tare rana daga tagogi, ka sa abin hana zafi a rufi da bayan bututun in bangon waje ne. Bangon da za ka jingina wa kabad kada ka lissafa shi.

Ka yi hattara da masu sakawa. Duk wanda ya ce maka bangon zai maye gurbin esi a kowane irin yanayi, bai tambaye ka danshin wurinku ba, bai auna ɗaki ba, kuɗinka yake so. Kada ka bari a shafa filasta sai an cika bututun da ruwa an matse shi a gabanka, ka ga allurar ma'auni ba ta sauka. Ka ɗauki hoton kowane bango kafin a rufe, don ranar da wani zai zo buga ƙusa.

In iskar wurinku busasshiya ce mafi yawan shekara, sa na bango kada ka yi wata-wata. In damina tana daɗewa kuma kana son barin tagogi a buɗe, ko dai ka haɗa shi da na'urar tsotse danshi, ko ka haƙura ka sayi esi.