Takardar labaran gunduma: ku yi rajista, amma ku fara karatu daga ƙasa

'Yan'uwa mazauna Amurka, ina ba ku shawara ku yi rajistar takardar labaran da gwamnatin gundumarku, wato kaunti, take aiko wa jama'a kyauta ta imel ko saƙon waya. Ta gundumarmu nake karɓa, a kanta zan yi magana. Ƙasar na da gundumomi sama da 3,000 kuma kowacce da tsarinta, don haka taku na iya ɗan bambanta.

Mu baƙi hankalinmu ya fi karkata ga abin da ake yi a Washington, alhali yawancin abin da ke taɓa mu kullum a gunduma ake yanke shi: harajin gida, izinin gini, ɗakin karatu, rajistar zaɓe, gidan yari. Shi kansa sherif, babban jami'in tsaron gunduma, a mafi yawan jihohi jama'a ne ke zaɓensa da ƙuri'a.

Rajistar ba ta da wuya. Adireshin imel kawai aka tambaye ni, sai na zaɓi fannonin da nake so. Ba wanda ya nemi takardun zamana.

Sashen bukukuwa da taruka masu zuwa ba ni da ƙorafi a kansa. Yana zuwa da wuri, da rana da lokaci da wurin ajiye mota: bikin baje kolin gunduma, ranar rigakafi, ranar karɓar tsofaffin batura da fenti, bikin Juneteenth na 19 ga Yuni, wanda ya zama hutun tarayya a 2021 don tunawa da ranar da aka shelanta wa bayi 'yancinsu a Galveston ta jihar Texas a 1865. Idan zaɓen Nuwamba ya matso, sukan tuna maka ranar rufe rajista da inda rumfarka take. Wannan aiki ne mai kyau, a yaba musu.

Abin da ya sa nake riƙe da takardar dai shi ne ajandar zaman kwamishinonin gunduma. Kowace jiha a Amurka tana da dokar da ta wajabta a yi irin wannan zama a bainar jama'a, a kuma sanar tun kafin a yi. A namu, duk mazaunin da ya rubuta sunansa ana ba shi 'yan mintuna ya tsaya gaban shugabanni ya faɗi ra'ayinsa kafin a kaɗa ƙuri'a. A irin wannan zama ake duba buƙatar al'ummar da ke son mayar da wani gini masallaci ko coci, kuma akwai dokar tarayya ta shekarar 2000 da ta hana a yi amfani da ƙa'idojin tsara gari wajen nuna wa wuraren ibada bambanci. A nan kuma ake tattauna kasafin kuɗin ofishin sherif, inda mutum zai iya tambaya ko gundumarsa ta shiga yarjejeniyar 287(g), wadda ke ba jami'an yanki damar yin wasu ayyukan hukumar shige da fice ta ICE. Ga baƙo, da wuya a sami labarin da ya fi wannan nauyi.

To, a ina suke saka shi? Can ƙasa, bayan hotunan yanke kintinkiri da gaisuwar shugaba, cikin ƙananan haruffa. Ka latsa, sai ga takarda mai shafuka da yawa, lambobi da gajerun kalmomin ofis ba bayani. Wanda ya kwana yana tuƙi ko jinyar tsofaffi ba zai zauna ya warware wannan ba. Jimla biyu cikin sauƙaƙan kalmomi a kan kowane batu da sun wadatar. Ga shi kuma zaman da yawa da rana ake yin su a tsakiyar mako, lokacin da talaka ke bakin aiki. Ana saka bidiyonsu daga baya, amma a lokacin an riga an yanke hukunci.

Inda takardar ta fi ɓata mini rai shi ne batun haƙƙin ɗan ƙasa. Gundumarmu na da ofishin karɓar koken wariya, kuma lambar wayarsa na nan a gindin kowace fitowa. Abin da ban taɓa gani an rubuta ba shi ne cewa koke na da wa'adi. Idan a wurin aiki aka nuna maka bambanci saboda launi, addini ko asalin ƙasa, dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta kare ka, amma kwana 180 ne ke gare ka ka kai ƙara EEOC, hukumar tarayya mai karɓar koken wariya a wurin aiki, a jihohi da dama kuma har kwana 300. Idan a neman gida ne, dokar 1968 ce, kuma shekara ɗaya ke gare ka a ma'aikatar gidaje ta HUD. Wata 'yar'uwa da aka matsa wa ta cire hijabi a wurin aiki ta yi haƙuri wata da watanni, tana tsoron rasa abincinta. Da na yi mata bayani sai ta ce, "Yaya, wallahi ban san ana ƙirga kwanaki ba." Ba ta kuma san Kotun Ƙoli ta goyi bayan wata mai hijabi da aka hana aiki a kamfanin tufafi na Abercrombie & Fitch a 2015 ba. Layi ɗaya a takardar da ke shiga wayarta kowane mako da ya fitar da ita daga duhu.

Sai harshe. Turanci da Sifaniyanci kaɗai ake rubuta ta. Akwai maɓallin fassarar inji, amma Hausar da yake bayarwa ba ta isa a dogara da ita ba a kan maganar doka. Sashen dokar zaɓe da ya wajabta fassara takardun ƙuri'a ya shafi Sifaniyanci da harsunan Asiya da na 'yan asalin ƙasar ne, ba na Afirka a ciki. Umarnin shugaban ƙasa na shekarar 2000 kan taimakon waɗanda Turancinsu bai nuna ba kuma an soke shi a Maris na 2025. Duk da haka dokar 1964 da ta hana wariya kan asalin ƙasa a shirye-shiryen da ke cin kuɗin tarayya tana nan daram, don haka kada kowa ya ji nauyin neman tafinta. Na gwada a layin wayar gundumarmu saboda wani dattijo. An ɗan jira, amma an haɗa mu da mai jin Hausa, kuma ma'aikaciyar ba ta nuna gajiya ba. Abin takaici, takardar ba ta taɓa sanar da cewa ana wannan hidimar ba.

Na rubuta musu ina roƙon a ɗaga ajanda zuwa sama, a rubuta wa'adin koke kusa da lambar wayar, a kuma ambaci tafinta. Idan taku ma haka take, ku rubuta, ku sa sunan unguwarku da gundumar zaɓenku, domin kwamishinan yankinku ya san mai ƙuri'a ne a mazaɓarsa ke magana.