Wata uku da Flightradar24 a wayata

Haushi ne ya sa na saukar da manhajar nan. Ina zaune a filin jirgi, allo na cewa za mu tashi a kan lokaci, amma ko ƙeyar jirgi babu a bakin ƙofa. Wani fasinja da ke gefena ya miƙo min wayarsa, ya ce, "Malam, duba nan, jirginmu bai ma baro inda yake ba." Ga ɗan jirgi rawaya a kan taswira, yana ƙasa abinsa, a wani gari mai nisan awa biyu. Sai can daga baya kamfanin jirgin ya sanar da jinkiri.

A Suwidin aka fara Flightradar24 a 2006. Jirage na watsa inda suke da tsayinsu da gudunsu ta tsarin ADS-B, dubban na'urorin 'yan sa-kai a faɗin duniya suna kamawa, su tura ta intanet. A Satumbar 2022 mutum kusan miliyan 5 suka bi jirgin da ya ɗauko gawar Sarauniya Elizabeth daga Edinburgh zuwa Landan. Wannan dai kallo ne.

Abin da ya fi min amfani shi ne lambar rajista, wadda ake rubutawa a jikin jirgi kusa da wutsiya: N ta Amurka, G ta Birtaniya, D ta Jamus. Lambar da ke tikitinka ta tafiya ce, kowane jirgi na iya ɗaukarta yau ya ajiye gobe. Ka danna lambar rajista, sai ka ga yinin jirgin gaba ɗaya. Na bi wani jirgi samfurin A320 tun asuba: sawu shida ya yi kafin dare, tsakanin sauka da tashi bai cika minti 50 ba. Ya makara da minti 20 a sawun farko, makarar ta yi ta binsa tana ƙaruwa har magariba. A nan na gane cewa jirgin da ke ƙasa ba ya kawo ko sisi, shi ya sa kamfanoni ke matse jadawali. Kamfanin jiragen Southwest na Amurka ya taɓa sauke fasinja, ya kwashi wasu, jirgi ya sake kama hanya cikin minti 10 a 1972.

Na kuma lura lokacin da ke tikiti ya fi na shawagi tsawo. Ashe lissafinsu daga barin wurin ajiya yake farawa, har zuwa tsayawa a ɗaya ɓangaren, da ɗan rara a kai. Kuma makarar da ba ta kai minti 15 ba, a wurinsu kan lokaci ce. Wayo ke nan!

Idan jirgi ya shiga tsakiyar teku, wani lokaci hasashen inda yake za ka gani, don na'urorin ƙasa ba sa kaiwa can. Ta kyauta nake amfani da ita, kuma ta wadatar da ni. Yanzu kafin in ɗauki jaka, sai na duba inda jirgina ya kwana.