Fina-finan soyayya da barkwanci: na shekarun 1930 ko na 1990?

Duka biyun ginshiƙinsu ɗaya ne: haɗuwa, saɓani, rabuwa, sai sulhu, cikin minti 90 zuwa 120. Bambancin yana wajen abin da ke riƙe mai kallo.

Na farkon an yi su ne ƙarƙashin dokar tace fina-finai ta Hays, wadda aka tsaurara a Amurka a 1934. Ta hana doguwar sumba da duk abin da ya shafi shimfiɗa. Da aka rufe wannan ƙofa, sai marubuta suka zuba basirarsu a baki: gatse, zolaya, cacar baki mai sauri kamar ruwan sama. Shi ya sa har gobe ba sa gundura, domin zance mai daɗi ba ya tsufa. It Happened One Night na 1934 ya kwashe manyan lambobin Oska biyar a kan wannan salo. Cikas ɗinsu shi ne hoton baƙi da fari, kuma saurin maganar kan sa fassarar ƙasan allo ta gaza kamo ta.

Na shekarun 1990 sun fi sauƙin shiga rai: ga launi, ga kiɗa, ga titunan Landan da New York. Amma rauninsu a fili yake. Sau da yawa rabuwar kan ta'allaƙa ne a kan rashin fahimtar da kiran waya ɗaya zai warware, kuma mai kallo na yau, da waya a hannunsa, yakan lura nan take.

Mai neman hutawa da yamma ya ɗauki na 1990. Wanda zai maimaita kallo sau uku, na farkon sun fi masa.